Majalisar Ɗalibai: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Sharhinmu na yau zai leƙa makarantar firamare ne, inda ake da wata majalisa da wakilanta ba su wuce shekara 7 zuwa 12 ba, wasunsu ma ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa idan sun hau kujera. Majalisar ɗalibai ke nan, da irin rawar da take iya takawa wajen kula da muhallin makaranta.

Bari mu fara da famfo. A ce akwai wani famfo a bayan aji uku, kansa ya lalace, yana ta ɗiga tun farkon zango. Hedimasta bai sani ba, domin ba ta nan yake bi ba. Malamai kuwa suna da nasu wurin wanke hannu. Amma duk yaron da ya fita tara ya san famfon nan, ya san taɓon da ya taru a gindinsa, ya san yarinyar da santsi ya kwashe a wurin har ta ɓata kayanta. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowane sakan, ɗigo 86,400 yake zubarwa daga yanzu zuwa gobe war haka. Yaran sun ga ɓarnar tun ranar farko. Abin da suka rasa shi ne ƙofar da za su ƙwanƙwasa a saurare su, kuma wannan ƙofar ita ce majalisa.

Jin ta bakin yaro haƙƙinsa ne da duniya ta rattaba wa hannu. Ranar 20 ga Nuwamban 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka shiga cikinta. Sashe na 12 ya tanadi cewa yaron da ya kai ya yi tunanin kansa yana da damar faɗin ra'ayinsa a kan duk abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Sashe na 29 kuma ya sa girmama muhalli cikin manufofin ilimin yaro. Idan aka haɗa sassan biyu, to an samu tubalin da ake gina majalisar ɗalibai mai kula da muhalli a kai.

Wasu wuraren ba su bar abin ga ganin damar hedimasta ba. A yankin Wales na Birtaniya, dokar da aka yi a 2005 ta wajabta wa makarantun gwamnati kafa irin wannan majalisa. Yara ne ke zaɓen wakilansu ta hanyar ƙuri'ar sirri, majalisar na zama aƙalla sau shida a shekara, kuma tilas hukumar makaranta ta duba abin da aka kawo mata ta ba da amsa. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauran duka nauyi. Ba da amsa.

Dalilina shi ne, majalisu da yawa suna nan ne a takarda kawai. Malami ya zaɓi shafaffu da mai, yaran da suka fi ƙoƙari a aji, masu tsaftar kaya da iya magana gaban baƙi. A maƙala musu baje a ƙirji. Ranar da manyan baƙi za su zo, a ba su jawabin da wani ya rubuta su haddace, a miƙa musu shebur su tsaya kusa da ramin da wani ya haƙa, a ɗauki hoto. Baƙi na tafiya, shi ke nan, sai kuma baɗi. Wani masani, Farfesa Roger Hart, ya yi wa asusun UNICEF rubutu a 1992 inda ya kwatanta shigar yara cikin al'amura da tsani mai matakai takwas. Uku na ƙasa, a cewarsa, ba shiga ba ce sam: juya yara yadda ake so, yin ado da su, da kuma ba su kujerar je-ka-na-yi-ka. Abin da ya fi damuna a nan shi ne darasin da yaro ke kwasa. Ɗan shekara 9 ba wawa ba ne. Idan ya kawo maganar famfo sau uku ba wanda ya tanka masa, ya riga ya gane cewa zaɓe wasa ne, wakili kuma ɗan amshin shata. Da wannan fahimta zai girma, da ita zai je rumfar zaɓe wata rana, in ma ya je.

To me ya sa muhalli ya fi dacewa da wannan majalisa? Saboda abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Yaro ba zai iya cewa komai kan albashin malamai ko tsarin manhaja ba, amma ya fi kowa sanin lungun da leda ke taruwa, da ajin da ake barin fitila a kunne bayan an tashi, da banɗakin da yara mata ke gudu har su gwammace su matse fitsari sai sun koma gida. Shirin Eco-Schools, wanda gidauniyar ilimin muhalli ta FEE ta ƙaddamar a 1994, shekara biyu bayan babban taron muhalli na birnin Rio, a kan wannan tunani ya ginu. Matakinsa na farko cikin bakwai shi ne kafa kwamiti da yara ke jagoranta. Na biyu, su zagaya makarantar da kansu su binciki halin da take ciki, kafin a zo ga tsara aiki da auna sakamako. Makarantar da ta cika sharuɗɗa sai a ba ta koriyar tuta. Tutar ba ta dame ni sosai ba, don tana iya zama wani adon. Zagayen nan na bincike shi ne zuciyar shirin.

Ku ƙiyasta yadda abin ke kasancewa idan an yi shi da gaske. Yara huɗu sun sa kofi a ƙarƙashin famfo, ɗaya na riƙe da agogo, ɗaya na rubutawa. Sun koma aji sun ninka abin da ya taru a minti biyar har suka fitar da na yini guda, sannan na mako. Wasu sun zazzage kwandon shara a kan buhu, sanye da safar hannu, suna ware takarda gefe, leda gefe, ɓawo da ragowar abinci gefe, suna ƙirgawa. Nan take za su ga cewa wani kaso zai iya komawa rami ya ruɓe ya zama taki ga lambun makaranta, takardar da aka rubuta a fuska ɗaya kuma tana da sauran amfani. Za su tambayi dalilin da ya sa ake cinna wa leda wuta a bayan aji alhali hayaƙinta na sa masu asma tari. Lissafi ya shigo, kimiyya ta shigo, rubuta wasiƙa zuwa ga hedimasta ya shigo, ba tare da an ƙara darasi ko ɗaya a jadawali ba. Kuma ranar da mai gyara ya zo ya canja kan famfon, yarinyar da ta kawo maganar za ta tsaya tana kallo, ta san cewa bakinta ne ya kawo shi.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Kada majalisar muhalli ta rikiɗe ta zama rundunar masu shara kyauta. Yara su share ajinsu abu ne mai kyau, a Japan ma ɗalibai ne ke tsaftace azuzuwansu kusan kullum, malamai na tare da su. Amma inda aka mayar da tsintar leda horo ga wanda ya makara, an koya wa yaro cewa kula da muhalli hukunci ne. Kwashe fasassun kwalabe, yashe kwata da gyaran masai kuwa aikin manya ne, kuma kuɗinsa na wuyan hukuma.

Na san wani malamin zai ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa majalisar ke buƙatar malami mai haƙuri a gefenta. Yara za su kawo shawarar da ba za ta yiwu ba, su nemi abin da makaranta ba ta da kuɗinsa. A irin wannan hali sai a ce musu a'a, a kuma faɗa musu dalili, a rubuce in da hali, a liƙa a allon sanarwa kowa ya gani. Yaro na iya haɗiye a'a mai dalili. Shiru ne ke kashe masa gwiwa.

Kuma wani lokacin yaron kan hango nesa. A 2007, wani ɗan aji huɗu a Jamus mai suna Felix Finkbeiner, yana da shekara 9, aka ba shi aikin yin bayani kan sauyin yanayi. A wajen shiri ya ci karo da labarin Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977 ta kuma samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Sai ya ce wa 'yan ajinsu, me zai hana yara su dasa bishiya miliyan guda a kowace ƙasa? Malamansa ba su yi masa dariya ba. Aka dasa ta farko a harabar makarantarsu, kuma bayan shekara uku an cika miliyan ɗin a Jamus.

Ba kowace makaranta ce za ta fitar da irin wannan yaro ba, kuma ba a buƙatar hakan. Bishiya goma da suka rayu sun fi ɗari da aka dasa ranar biki suka bushe. Dashe aikin yini guda ne, raino kuwa na shekaru, kuma a nan ne ake gane majalisar gaske. Wa zai yi ban ruwa a lokacin dogon hutu? Wa zai kewaye dashen don kada dabba ko ƙwallo su karya shi? Wannan sai an zauna da mai gadi, da iyayen da ke kusa, an rubuta suna da rana. Haka kuma 'yan aji shida za su tafi a ƙarshen shekara, su ne kuma galibi suka fi sanin kan aikin. Saboda haka tun zango na biyu ya kamata kowane ɗan aji shida ya riƙo hannun ɗan aji huɗu, ya nuna masa littafin da ake rubuta ƙidayar shara, ya nuna masa wace bishiya ce ke son ruwa kullum, wacce ce kuma sau biyu a mako ya ishe ta.