Wa Ya Gaya Maka?

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma Shugaba, Malam Liman, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, barkanmu da haɗuwa. Sannunku da hanya, musamman waɗanda suka taso daga Landan da Birmingham da Bradford cikin wannan sanyi. Iyayenmu mata da suka kwana a kan tukunya, Allah ya saka da alheri.

Shugaba ya ce in yi magana kan labaran da ke yawo a zaurenmu na WhatsApp. Zan fara da abin da na aikata da hannuna, don har yau yana damuna.

A watan Yulin 2014 cutar Ebola ta shigo Legas ta jikin wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer. Da Agusta ya kama, wani dare sai ga saƙo a wayata: kowa ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin asuba, ya kuma sha, shi ne kariya. Ban tambayi wanda ya turo ba. Na buga wa Hajiyarmu waya a gida, na tashe ta daga barci. Ba ta yi mini gardama ba, cewa kawai ta yi, "To, tunda kai ka faɗa." Ta tashi mutanen gidan, ta aika maƙwabta cewa ɗanta na Ingila ne ya bugo. Hajiya tana da hawan jini. Ƙanena ne ya riƙe kofin ya hana ta sha, Allah ya yi masa albarka. Amma a wasu gidajen babu wanda ya riƙe kofi. Aƙalla mutum 2 sun rasu saboda gishirin nan, an kwantar da wasu da dama a asibiti. Ita Ebolar kanta, mutum 20 ta kama a Najeriya, ta kashe 8, kuma babu ko ɗaya a garinmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar nan ta "ɗana na Ingila". Ban taɓa karatun likita ba. Amma da saƙon ya bi ta wayata, sai ya samu hatimi. Mu da ke zaune a nan muna ganin kanmu masu karɓar labarin gida ne, alhali a wurin mutanen gida mu ne majiya mai tushe. Ji-ta-ji-tar da aka ƙirƙira a wata tashar mota, in ta zo nan ta koma, sai ta koma sanye da kwat.

Malam Liman ya fi ni sanin abin da zan faɗa yanzu, in na yi kuskure ya gyara mini. Mu ba baƙin tantance labari ba ne. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, an umarce mu da mu nemi bayani idan fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cutar da wasu mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Malaman hadisi kuwa ilimi guda suka gina a kan tambaya ɗaya: wa ya gaya maka? Shi kuma wa ya gaya masa? Sun haɗu kuwa? Mai gaskiya ne? In mai gaskiya ne, yana da kyakkyawar hadda ko yakan rikice? Ku lura da wannan ta ƙarshen. Mutum yana iya zama salihi, mai tsoron Allah, amma a ajiye ruwayarsa saboda yana cakuɗa magana. Don haka in ka ce mini, "Ai Alhaji ne ya turo, kuma Alhaji ba ya ƙarya," na yarda ba ya ƙarya. Tambayata ita ce: Alhaji yana wurin? In ba ya wurin, daga wa ya ji? Saƙon da ya fara da "an ce" ko "wani babban likita ya tabbatar", ba suna, ba asibiti, ba rana, ai isnadinsa ya yanke tun daga kai. WhatsApp da kansa yana sa kibiya biyu a saman saƙon da ya yi yawo hannu da yawa. Alamar nan ba shaidar inganci ba ce, shaida ce cewa mai maganar na asali ya ɓace.

Hoto da bidiyo sun fi wahala, don mun taso da cewa gani ya kori ji. Wannan karin maganar an yi ta ne lokacin da idonka ne a wurin. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa mutane a Gashish. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa wani bidiyon ma ba a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Brazzaville yake, tun 2012. Kashe-kashen da aka yi gaskiya ne, amma hotunan ƙarya sun ƙara wa wutar fetur, aka tare hanya aka kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Duk wanda ya tura hoton nan don jin zafin abin da aka yi wa nasa, yana da hannu bai sani ba. Yau in hoto ya zo maka, manhajar binciken hoto ta Google Lens za ta iya nuna maka ko ya taɓa fitowa a wani wuri, cikin minti ɗaya. 'Ya'yanmu da ke zaune can baya sun iya, ba abin kunya ba ne ka miƙa wa ɗiyarka waya ka ce ta duba maka. Yanzu kuma har murya ake ƙerawa da kwamfuta, a sa wa malami ko gwamna maganar da bai taɓa yi ba.

Kun tuna Jibrin na Sudan? Aka ce Shugaba Buhari ya rasu, an kawo wani mai kama da shi. Masu digiri sun zauna suna gwada kunnen hoto da kunnen hoto. Sai da shi kansa marigayin ya fito ya ce shi ne, a watan Disambar 2018, kuma a ina? A Poland, gaban taron 'yan Najeriya mazauna waje irinmu.

Wani zai ce, to shi ke nan, mu koma rediyo. Ni ma da rediyo na taso. Mahaifina ba ya karyawa sai ya ji Landan. BBC Hausa tun 1957 take magana da mu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa tun 1939 ta fara fita a Zariya. Abin da ya bambanta irin waɗannan gidaje da rediyo mai jini shi ne akwai edita, akwai suna, akwai adireshi, in sun yi kuskure akwai wanda za a kama. Amma kowace tana da mai ita. DW ta Jamus ce, RFI ta Faransa, Muryar Amurka ta Amurka, gidan rediyon jiha kuma ba zai soki gwamnan da ke biyan albashi ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke nan sun ga yadda aka dakatar da RFI bayan juyin mulkin 2023, daga baya aka dakatar da BBC na wani lokaci, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ne maƙaryaci. Ni dai abin da nake yi, labarin Yamai ba na ɗaukarsa daga baki ɗaya. Sai na ji daga gidaje biyu ko uku da ba uwarsu ɗaya ba, sannan in kira wanda ke garin. Gidaje goma da suka kwafi sanarwa ɗaya, baki ɗaya ne.

Ba na son mu fita daga nan muna raina mutanenmu. Lokacin da Kano ta dakatar da allurar shan inna a 2003, an yi ta kiranmu jahilai. Amma a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka daɗe ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron yana da dalili. Sai dai labarin cewa allurar tana hana haihuwa ba gaskiya ba ne, kuma kafin a dawo da ita a 2004 cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Mai ƙirƙirar ƙarya ya san inda mikinmu yake, nan yake taɓawa. Shi ya sa duk saƙon da ya sa jinina ya hau nan take, ko ya yi daidai da abin da na daɗe ina zargi, shi nake fi jinkirtawa.

Sai maganar biza, a taƙaice. Dokokin nan suna sauyawa kusan kullum. Tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya kawo iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga waje. Amma har yanzu tsofaffin bidiyoyi na yawo, ana sayar da gona a biya dillali. Wannan magana waƙa ce a bakin mai ita: shafin gwamnati na gov.uk, ko lauya mai rajista. In ɗan'uwa ya tambaye ka daga gida, ka duba ranar da aka sabunta shafin kafin ka ba shi amsa.

Mai girma Shugaba, ga roƙona ga kwamiti. Duk wanda zai turo labarin rasuwa, ko hari, ko magani, ko neman taimakon kuɗi a zaure, ya rubuta daga ina ya samo da ranar da abin ya faru. In babu, masu kula da zaure su cire, ba tare da an ci mutuncin kowa ba. A naɗa mutum uku, a sa mace, a sa matashi, waɗanda za a riƙa tura wa abu su bincika, ko a shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check ko ta kiran gida. Wanda kuma ya turo abu ya gano ba haka ba ne, ya dawo zauren ya faɗa da bakinsa. Ni sai da na kwana uku kafin na iya kiran Hajiya in ce mata na yi kuskure, ta koma ta gaya wa maƙwabta. Ba na so wani a cikinmu ya kai kwana uku.

In an amince, ina so sakatare ya sa wannan a cikin abin da za mu kaɗa wa ƙuri'a bayan sallar la'asar. Na gode. Wassalamu alaikum warahmatullah.