'Yar Akwatin da Ke Kai Bidiyon Kwamfuta Kan Talabijin: A Saya Ko a Bari?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Finafinai da hotuna suna jibge a cikin kwamfuta, babban allo kuma yana can a falo. Wannan tazarar ce 'yar akwatin nan mai kama da dikoda ta zo ta cike. Ana jona ta da talabijin ta wayar HDMI, ta hau Wi-Fi na gida, ta janyo bidiyon daga kwamfuta, kai kuma kana zaune da rimot a hannu. To, ta cancanci kuɗinta kuwa?

Akwai abin lura a tarihinta. Apple TV ta farko, wadda ta fito a 2007, don wannan aikin aka ƙera ta: tana da ma'ajiya mai gigabait 40, tana kwafo finafinai da waƙoƙi daga manhajar iTunes da ke kwamfutarka. A 2008 kamfanin Roku ya fito da tasa akwatin, amma don kallon Netflix. Zuwa 2010 ita ma Apple ta cire ma'ajiyar. Chromecast ya zo a 2013, Fire TV na Amazon a 2014, dukkansu hankalinsu na kan bidiyon intanet. Saboda haka yawancin akwatunan da ke kasuwa yau ba don fayilolinka aka yi su ba. Suna iya aikin, amma sai ka taimaka musu da manhaja.

Hannu uku ne a cikin aikin. Kwamfuta tana miƙa fayil, Wi-Fi ko waya tana ɗaukarsa, akwati kuma tana warware shi ya zama hoto da sauti. Kuɗin da za ka kashe na akwatin ne kawai, wato hannu na ukun. Idan matsalarka tana wajen biyun farko, ko wace akwati ka saya ba za ta raba ka da ita ba.

Mu tsaya a kan warwarewar nan, domin a nan ne akasarin mutane ke shan wahala. Ka ga fayil ya ƙare da MP4 ko MKV, sai ka ɗauka ka san irinsa. Wannan ambulan ne kawai, wasiƙar da ke ciki kuma da yarenta. Yaren shi ne salon da aka matse bidiyon da shi: H.264 na 2003, wanda kusan kowace na'ura ke ji, ko H.265 na 2013, wanda yawancin bidiyon 4K, wato mai tsananin kaifin hoto, ke amfani da shi, ko AV1 na 2018, wanda tsofaffin na'urori ba su san da zamansa ba. Sauti ma haka yake. Talabijin ɗin Samsung daga 2018 sun daina karanta DTS, wani salon matse sauti, shi ya sa wani fim zai buɗe lafiya lau, bakin 'yan wasa na motsi, amma shiru kake ji. Mutum ya yi ta danna rimot yana zargin lasifika, alhali lasifika ba ta da laifi.

A nan akwati mai kyau ke nuna amfaninta. Allon talabijin yana iya shekara goma garau, amma ƙwaƙwalwar da ke cikinsa tana tsufa da wuri, kamfani ya daina sabunta manhaja, menu ya riƙa jan ƙafa. Sauya 'yar akwati ya fi sauya talabijin sauƙi nesa ba kusa ba. A ganina wannan ne babban dalilin sayenta, sauran duk ƙari ne.

Sai manhaja. Kodi tana zama a kan akwatin, ta leƙa cikin foldar da ka buɗe mata a kwamfuta, ta warware fayil da kanta. Plex da Jellyfin kuwa rabinsu yana kan kwamfuta, rabi kan akwati. Suna jera maka finafinai da hotunan bangonsu, suna tuna inda ka tsaya. Idan akwatin ta kasa karanta wani fayil, kwamfuta ce za ta riƙa sauya masa salo nan take yayin da kake kallo. Dabara ce mai kyau, amma nauyin ya koma kan kwamfutar. Tsohuwar laftof za ta ɗau zafi, fanka na ihu, hoto na tsayawa. Wani lokaci ma rubutun fassara na ƙasan allo kaɗai ke jawo wannan wahalar, idan irin wanda aka adana a matsayin hoto ne.

Kuma kada a manta, kwamfuta sai tana kunne. Ta yi barci, fim ya tsaya.

Batun hanya kuwa, wato Wi-Fi ko wayar da ke ɗaukar fayil, lissafi ne. Netflix na neman megabit 15 a daƙiƙa don 4K, saboda sun matse bidiyonsu sosai. Fim ɗin faifan Blu-ray na iya kai megabit 40, na 4K kuma ya kusanci 100. Wi-Fi na 2.4 GHz da ya ratsa bango biyu ba zai ɗauki wannan ba. Ka koma Wi-Fi na 5 GHz, ko ka ja waya daga rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, wadda ita ce ta fi kwanciyar hankali. Intanet ɗinka ba shi da hannu a nan, domin fayil ɗin bai fita daga gida ba.

Gargaɗi ɗaya game da akwatunan Android marasa suna, masu alkawarin dubban tashoshi kyauta. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta ja kunnen jama'a kan BADBOX 2.0, wata muguwar manhaja da ake samu a irin waɗannan na'urori, wasu tun kafin a fito da su daga kwali. Abin da za ka jona a Wi-Fi ɗaya da kwamfutarka bai kamata ya zama wanda ba ka san asalinsa ba.

Kafin ka sa hannu a aljihu, gwada abin da kake da shi. Zuba fayiloli uku ko huɗu mafi nauyi a filash, ka soka a bayan talabijin. In sun buɗe da hoto da sauti da fassara, talabijin ɗinka ya iya yaren, sai ka duba ko yana da Plex ko DLNA (tsarin janyo fayil daga kwamfuta ta Wi-Fi ko waya) a cikinsa, ka huta da sayayya. In sau ɗaya a wata kake kallo, wayar HDMI daga laftof ta wadatar. Idan kuwa kallon na kullum ne, fayiloli sun yi yawa, talabijin na ƙin rabinsu, to saya. Ka juya kwalin ka tabbatar an rubuta H.265 da AV1, ka ga akwai ramin wayar Ethernet, wato wayar da ake ja daga rauta, sannan ka bincika ko manhajar da ka zaɓa tana cikin shagon manhajojinta, domin Kodi, alal misali, ba ta hawa kan Roku.