Yadda Za a Sa Ƙaramin Yaro Ya Yi Marmarin Abincin Yau da Kullum

Iyayena mata da maza, 'yan uwa masu sauraro, barkanku da zuwa. Kukan da na fi ji daga bakin iyayen yara 'yan shekara 1 zuwa 3 shi ne, "Yaron nan ba ya cin abinci." Kafin mu shiga dabarun jawo hankalinsa, ya kamata mu san abin da ke faruwa a jikinsa. Jariri yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi sau uku kafin ya cika shekara, amma a shekara ta biyu abin da yake ƙarawa bai cika wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Tunda saurin girman ya ragu, dole yunwar ma ta ragu, ga shi kuma cikin nasa ɗan ƙarami ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ciyar da ɗan wata 12 zuwa 23 sau 3 ko 4 a rana, tare da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani.

To, gyara na farko yana wajen zubawa. Uwa takan cika faranti saboda ƙauna, shi kuwa yaro da ya ga tudun abinci a gabansa sai ya karaya tun bai kai loma ba. A zuba masa cokali biyu ko uku, ya cinye, ya miƙo farantin da kansa yana neman ƙari.

Na taɓa zama kusa da wata yarinya 'yar shekara biyu da aka kawo mata shinkafa cakuɗe da dafaffen karas, ta sa hannu ta ture. Mahaifiyarta ta sake dafa wani karas ɗin har ya yi laushi, ta yanka shi dogo-dogo kamar yatsa, ta jera a gefen faranti, ta sa 'yar miya a ƙaramin kofi. Yarinyar ta ɗauki guda, ta jujjuya shi, ta shinshina, ta tsoma a miya, ta lasa, sannan ta ajiye. Uwar ta dube ni ta ce, "Ka gani ko, ba ta ci ba." Na ce mata ai an fara, domin a wannan shekarun taɓawa da shinshinawa da lasa duk hanyar ci ce. Gudun sabon abinci ɗabi'a ce da takan yi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma tun a 1982 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Leann Birch, ta nuna cewa 'yan shekara biyu sukan ƙara son abinci gwargwadon yawan ɗanɗana shi da suka yi. Sau da yawa sai an gabatar da abu sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓu, alhali yawancinmu a karo na uku muke yanke hukunci cewa ba ya so.

Game da ƙawata faranti, babu laifi a yi fuska da yankan ayaba, ko a haɗa launin ja da kore da rawaya, ko a bar yaro ya wanke tumatir ya ga da hannunsa a girkin. Sai dai kada hotunan da ake gani a intanet su sa uwa ta ɗauka sai ta sassaƙa zomo da ƙwai kullum; wanda ya zauna kusa da yaro yana cin irin abin da aka zuba masa, fuska a sake, ya fi kowane ado tasiri.

Wata ƙwararriya kan ciyar da yara, Ellyn Satter, ta raba aikin ciyarwa kashi biyu: babba ne zai zaɓi abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro kuma shi zai zaɓi ko zai ci da yawan da zai ci. Wannan rabon ya kore ɗura da tsawa, ya kuma kore alkawarin alawa, wanda yake koya wa yaro cewa ganye wahala ce da ake biyansa lada a kanta. Haka nan a kashe waya da talabijin, kuma a lura da madara, domin wanda ya sha fiye da rabin lita a rana da wuya ya zo wurin abinci da yunwa.

Kada neman daɗi ya kai mu ga ƙara sukari da gishiri, domin ɗan shekara 1 zuwa 3 bai kamata ya wuce giram 2 na gishiri a rana ba. Sannan a kiyaye shaƙewa: a tsaga inabi gida huɗu a tsaye, kada a ba shi gyaɗa guda-guda kafin ya kai shekara 5, kuma ya ci a zaune, babba yana kusa da shi har ya gama.