Kafin a yarda ƙarfe ya hau sama

Ranar 19 ga Yulin 1989, wani jirgin DC-10 na kamfanin United Airlines yana kan hanyarsa daga Denver zuwa Chicago, sai injin da ke wutsiyarsa ya tarwatse. Ɓaraguzan suka yayyanke bututun man da matuƙi ke juya jirgi da su, duka ukun. Da ƙyar da jiɓin goshi aka lallaɓa shi zuwa Sioux City a jihar Iowa, can ya faɗi. Mutum 296 ne a ciki, 112 suka rasu.

Da aka tsinto faifan da ke riƙe da fukafukan fankar injin a wata gonar masara, sai aka ga tushen abin. Tun a 1971, lokacin da aka narka ƙarfen titaniyum ɗin da aka ƙera faifan da shi, iskar naitirojin ta shige shi ta bar wani ɗan tabo mai gautsi. Nan tsaga ta fara. Kowane tashi da sauka tana ƙara kaɗan, kusan shekara 18, ba wanda ya gano ta.

To, ta yaya hukuma za ta yarda da ƙarfen da ba ta ganin cikinsa? Hanyar da aka gada ita ce karyawa. A yanko samfuri aƙalla 100 daga narki 10 daban-daban, a ja kowanne da na'ura har ya tsinke, a rubuta. Ga sassan da rai ya rataya a kansu, ƙa'idar Amurka tana son adadin ƙarfin da kashi 99 cikin 100 na ƙarfen zai zarce, da tabbacin kashi 95. Aiki ne mai cin shekaru da maƙudan kuɗi, amma ya yi rana.

Sai ga buga ƙarfe da na'urar 3D. Ku dubi wannan: hasken lesa yana bin garin ƙarfe yana narkawa, shimfiɗa kan shimfiɗa, kowace ba ta kai kaurin gashin kai ba. Da haka kamfanin GE ya haɗe sassa 20 na bakin feshin man injin jirgin sama mai suna LEAP suka koma guda ɗaya, nauyi ya ragu da kashi 25. Sai dai a nan ƙarfen da siffarsa tare ake haihuwarsu. Ƙara saurin lesa kaɗan, ko kwantar da abin da a da ake bugawa a tsaye, ƙananan ƙwayoyin da ke haɗe a cikin ƙarfen sun canza. Ke nan duk canji sai a koma karya samfuri ɗari? Ba mai aljihun wannan.

Nan kwamfuta ta shigo. Ana lissafa yadda ɗan kududdufin narkakken ƙarfen ke sanyi, daga nan yadda ƙwayoyi ke tsirowa, inda kumfar iska za ta maƙale ta bar rami, sannan tashi nawa za a yi kafin ramin ya zama tsaga. Maƙerin gargajiya ma ya san wannan a hannunsa: ƙarfen da aka tsoma a ruwa da zafinsa da wanda aka bari ya huce a toka ba halinsu ɗaya ba. Lissafin yana ƙoƙarin faɗa da lamba ne, kafin a hura wuta.

Ba sabon abu ba ne gaba ɗaya. Bayan haɗarin Sioux City, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ɗauki nauyin wata manhaja mai suna DARWIN a cibiyar Southwest Research da ke Texas, wadda ke lissafa yiwuwar ɓoyayyen tabo ya fasa faifan injin, da lokacin da ya dace a duba shi.

Amma ni a ganina, masu cewa kwamfuta za ta kori gwaji sun yi gaggawa. Lissafin ma sai an gwada shi. Shi ya sa tun 2018 hukumar awo ta Amurka, NIST, take shirya wata jarrabawa mai suna AM Bench. Ta buga ƙarfe, ta auna zafinsa da lanƙwasarsa da ƙwayoyinsa, ta ɓoye sakamakon. Masu lissafi daga ƙasashe daban-daban su turo hasashensu a makance. Sai an rufe karɓa, sannan a buɗe awon a aza kusa da abin da kowa ya ce.