Kofin Ruwan Sanyi a Damagaram

Jama'a barkanmu da war haka, daga Zinder nake muku magana. Ku yi haƙuri da zufar da kuke gani, watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, fanka kuma ta tsaya cik.

Abin mamaki na gani yau, shi ya sa na ɗauko waya. Famfonmu ya ƙafe tun farkon mako, ko ɗigo babu. Ƴan garuwa sun hau sama, jarka guda dala hamsin, sefa 250 ke nan, shi ma sai da lallashi. Ina zaune ina tunanin da me zan ɗora tukunya, sai ga sallama. Hajiyar da muke katanga ɗaya ce, jikanta na turo jarka biyu a baro. Na ce, "Haba Hajiya, ke da gidanki cike da mutane?" Ta ce, "Ƴata, ba a barin baƙo da ƙishirwa. Karɓi, kar ki shanya ni a rana." Kuma ta san sarai mu Kirista ne, kowace Lahadi tana ganinmu da Littafi Mai Tsarki a hannu za mu sujada.

Nan take Matiyu 10:42 ta faɗo min, inda Yesu ya ce wanda ya ba ɗaya daga cikin ƙananan nan ko da kofin ruwan sanyi ne ba zai rasa ladansa ba. Tun ina ƙarama a Wusasa ta Zariya na haddace ta a makarantar Lahadi. Amma a can wa ya ɗauki kofin ruwa a bakin komai? Ga rijiya a tsakar gidanmu. Nan kuwa garin a kan dutse yake zaune, ku je Birni wajen fadar Sarkin Damagaram ku ga manyan duwatsu. Ruwan ma daga nesa ake turo shi, daga wajen Gogo da Arunguza. Ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Turawan Faransa suka ɗauke hedkwata daga nan zuwa Yamai a 1926. To a irin wannan gari, ayar nan kuɗi take ci. Ga shi na sanyi aka ce, ƙullin ƙanƙara kuwa dala ashirin.

Ba yabon kai ba, tun bara na kafa randa a ƙofar gida, almajirai da ƴan kabu-kabu suna sha. Maigida ya yi ta lissafi, na ce a cire daga kuɗin kilishinsa. Wata ƴar'uwa a zumuntar mata ta ja ni gefe ta ce, "Maman yara, ke baƙuwa ce, ba ki ga Janairun 2015 ba." Gaskiyarta. A watan nan aka ƙone majami'u a garin nan da Yamai saboda zanen wata jarida ta Faransa, an kuma yi asarar rayuka. Ban isa in ce mata ta manta ba. Sai dai Romawa 12:20 cewa ta yi ko maƙiyinka ne ke jin ƙishirwa ka shayar da shi, balle yaran da ba a ma haife su ba a lokacin.

Af, ikilisiyar nan ba ta jiya ba ce, tun 1924 ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a Zinder. Mu kaɗan ne dai. Ana wa'azi da Hausa ana juyawa da Faransanci, ni kuwa hankalina na can gida, ina kewar zumuntar matanmu, anko iri ɗaya, tulu da kacau-kacau, majami'a ta cika har waje. Nan in mun kai talatin sai mu yi ta murna.

Ke da za ki biyo miji nan daga Najeriya, ki saurare ni. Kafin ki sayi kujeru, ki sayi babban duro. Kar ki zo da ɗabi'ar nan tamu ta cacar baki kan addini a Facebook, garin nan kowa ya san kowa, maƙwabciyarki za ta gani. Ki gaida mutane da kyau, ki je suna, ki je gaisuwar mutuwa. Ki kuma koyi lissafin dala tun daga kan iyaka a Kwangwalam, in ba haka ba ranar Alhamis a Kasuwar Dole za ki biya kuɗin albasa ninki biyu.