Mariƙin akwati mai juyawa: me ke cikin wuyansa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau mariƙai biyu na akwatin tafiya mai taya ne a kan teburinmu. Na hagu shi ne wanda kowa ya sani: sanda biyu, an gitta musu mariƙi a sama, ka danna maɓalli ya miƙe, ka sake dannawa ya koma ciki. Na dama kuwa sanda ɗaya gare shi, kuma kansa juyawa yake yi. Shi za mu kwance, mu ga abin da aka cusa a wuyansa, wato inda kan ya haɗu da sandar, mu ga kuma ko ya ci kuɗin da ake ɗora masa.

Amma kafin mu ɗauki sukundireba, ku miƙe tsaye ku saki hannuwanku. Ina tafin yake kallo? Cinya yake kallo, babban yatsa yana gaba. Nan ne hannu yake hutawa. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu akwai ƙashi biyu, kuma idan ka kife tafinka, na ɓangaren babban yatsa yakan hau kan ɗan'uwansa ya gitta shi. Daga wurin hutun nan, juyin da hannu zai iya yi kowane gefe bai wuce digiri 80 zuwa 90 ba. To, mariƙin da aka gitta yana neman ka juya hannu kusan digiri 90, wato ka kai shi ƙarshen iyakarsa, sannan ka tura shi bayanka, sannan ka ja nauyi da shi. Abin da wuyan hannu ya kasa, sai gwiwar hannu da kafaɗa su cike. Ku tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa lokacin da jirgin Abuja ya sauke mutane, ku lura da masu jan akwati. Za ku ga kafaɗa ɗaya ta karkace, ku ga ana ta sauya hannu tun kafin a kai wurin masu Keke.

Me ya sa aka yi shi a gicciye tun farko? Tarihin gajere ne. A 1970 wani Ba'amurke mai suna Bernard Sadow ya maƙala wa akwati tayoyi huɗu da igiyar ja, ya samu takardar mallakar ƙirƙirar a 1972. Akwatin nasa yawan kifewa yake yi. A 1987 wani matuƙin jirgin sama na kamfanin Northwest, Robert Plath, ya tsayar da akwatin a tsaye, ya ba shi taya biyu da mariƙi mai shiga da fita. Wannan ce surar da ta cika kasuwanninmu har yau. A cikinta, mariƙin saman aiki biyu yake yi: wurin kamu ne, kuma shi ne yake ɗaure sandunan biyu su zama abu ɗaya mai ƙarfi. Ƙarfin akwati aka duba, hannu kuwa aka bar shi ya ji da kansa.

Yanzu mu buɗe. Ga sandar, bututun alminiyam ne, ƙarami a cikin babba. Ku duba ƙasan ƙaramin, ga wani ɗan fil ya leƙo, da sifirin a bayansa yana tura shi waje. A jikin babban bututun an huda ramuka. Idan fil ɗin ya zo daidai rami sai ya faɗa, sandar ta tsaya cak. Idan ka danna maɓalli, wani siririn ƙarfe da ke tafiya a cikin bututun yana sauka ya tura wata 'yar roba mai gangare, gangaren ya janye fil ɗin ciki, sandar ta sake. Wannan galibin akwatuna sun yi tarayya a kai.

Inda mai ƙira yake fara gumi shi ne nan: maɓallin yana jikin abin da ke juyawa, fil ɗin kuma yana jikin abin da ba ya juyawa. Ta yaya saƙo zai wuce daga wannan zuwa wancan, ko ina kan ya fuskanta? Wuri ɗaya ne tak a jikin abu mai juyawa da ba ya barin inda yake, wato tsakiyarsa. Shi ya sa ake yin ƙarfen da kan yake juyawa a kansa da rami a ciki, siririn ƙarfen nan ya ratsa ta tsakiya. Kuma ku duba da kyau, ba a ɗaure shi da maɓallin ba. Samansa a mulmule yake, maɓallin taɓa shi kawai yake yi ya danna. Kan ya juya sau ɗari, shi yana nan yadda yake. Da ɗaure su aka yi, ko da waya aka ja a gefe, da kowane juyi sai ya murɗa ta, har ranar da za ta tsinke a bar ka da mariƙi a miƙe a bakin but ɗin mota, direba yana maka hon.

Ga wuyan kansa. Wannan zoben roban shi ne bushin, shi ne yake shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don juyin ya yi laushi. Ba a cika saka boris, wato zobe mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki, a nan ba, don abin ba gudu yake yi ba, kwata ɗaya na zagaye ne a hankali, kuma boris zai ƙara nauyi da kuɗi a banza. Abin da na fi so ku kalla shi ne wannan ƙaramin zoben ƙarfen da ke ƙasa, a wasu kuma noti ne da wosha. Shi kaɗai ne yake hana kan ya zare ya biyo hannunka. A mariƙi mai sanda biyu, ja yana rabuwa wuri biyu. A nan duk ta wuri ɗaya yake bi. Idan akwatinka ya kai kilo 23, nauyin da kamfanonin jiragen sama da yawa suke yarda da shi, ka kuma ɗaga shi ta mariƙin nan don hawa matakala, kilo 23 ɗin duka ka rataya a kan zoben da bai fi zoben yatsa girma ba. Akwai hannun ɗauka a sama da gefen akwati, don wannan aikin aka yi su.

Sai batun tsayawa. Kan da ke juyawa ba birki ba shi da amfani, don haka ake ba shi wuraren zama. Ga wani ɗan ƙwallon ƙarfe, ga sifirin a ƙarƙashinsa, ga faifai mai gurabe. Idan kan ya juya, ƙwallon yana gogar faifan har ya tarar da gurbi ya faɗa. Ku saurara. Ƙas! Wannan ƙarar ke nan. Idan gurbi huɗu ne, kowane digiri 90 akwai zama: gicciye, miƙe, gicciye, miƙe. Idan takwas ne, kowane digiri 45.

Duk wahalar tana ga surar gurbin. In aka yi shi marar zurfi, bakinsa a kwance, juyi zai yi daɗi, amma taya na cin karo da dutse kan zai kuɓuce. In aka zurfafa shi aka tsananta sifirin, zai riƙe, amma sai ka yi kokawa kafin ya juya, kuma Hajiya mai shekara 70 da ke shirin tafiya sansanin alhazai na Mando ba za ta gode maka ba. Mafita ta uku ita ce a cire ƙwallon a saka fil mai miƙaƙƙen jiki da ke shiga rami sosai. Wannan ba ya fita don an murɗa, sai an danna wani maɓalli na biyu. Ya fi tsada, ya fi yawan kaya a ciki, kuma a ganina shi ne kaɗai ya dace da hanyoyinmu. Zan faɗi dalili.

Wasu mariƙan suna da gaɓa ta biyu, wadda ke sa kan ya sunkuya gaba ko ya kwanta baya. Faifai biyu ne masu haƙora suna cizon juna, ka danna su rabu, ka saita, ka saki su sake cizo. Amfaninta ya fi fitowa a akwati mai taya huɗu, wanda wani lokaci kake tura shi a tsaye a gefenka, wani lokaci ka karkata shi ka ja. Sai dai kowace gaɓa da aka ƙara, an ƙara wurin lilo da wurin karyewa.

Bari mu tsaya a kan lilon nan, don shi ne mutane suke gani a kasuwa su ce kaya jabu ne. Dole a bar 'yar tazara tsakanin bututu da bututu, in ba haka ba ba za su zame ba. A ce tazarar milimita 1 ce, kuma inda bututun biyu suka haɗu a cikin juna santimita 5 ne. Idan ƙaramin ya fito waje da santimita 50, milimita ɗayan nan zai zama milimita 10 a hannunka. Ninki goma. Lissafin bakanike ne da ya ƙara wa sifana dogon fayif don kwance notin taya: ɗan motsi a gindi, babban motsi a ƙarshe, ɗan ƙarfi a ƙarshe, babban ƙarfi a gindi. Saboda haka ɗan lilo ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne tsawon haɗuwar. Mai son rage alminiyam a nan yake yankewa, don ba a gani daga waje.

Ku kuma lura cewa bututun nan ba zagayayye ba ne, ya yi faɗi ta gefe ɗaya. Da gangan ne. Zagayayyen bututu zai juya a cikin ɗan'uwansa, fil ya kauce wa layin ramuka, kuma ka murɗa hannu akwati ya ƙi bin ka. Sanda biyu tazarar da ke tsakaninsu ce take hana murɗewa. Sanda ɗaya ba ta da abin dogaro sai surar jikinta da kaurinta.

To ga dalilin da na ce zan faɗa. Duk wanda ya taɓa gudu da akwati mai taya biyu ya san rawar nan: taya ɗaya ta ɗaga, ta faɗi, ɗayar ta ɗaga, har ya kife. A 2017 wasu masana a jami'ar Paris Diderot ta Faransa sun wallafa bincike a kan wannan. Sun nuna cewa da zarar taya ɗaya ta bar ƙasa, karkatar akwatin tana jan sa gefe, komawarsa kuma ta jefa shi ɗaya gefen. Wani abin mamaki da suka gano shi ne, in rawar ta fara, ƙara sauri yana rage girmanta, haka ma sauke mariƙin ƙasa-ƙasa. Mu dai a aikace, abin da muke yi shi ne mu ƙanƙame mariƙi mu danne rawar da wuyan hannu. Wannan dannewar tana yiwuwa ne don mariƙin da akwatin abu ɗaya ne. Idan kan yana juyawa sakaka, ka murɗa iya murɗawarka, ƙarfin a wuyan zai tsaya, ba zai isa ga tayoyi ba. A kan tayil ɗin filin jirgi ba za ka damu ba, hasali ma daɗi za ka ji, don in akwatin ya kife ba zai murɗe maka hannu ba. Amma a tashar Kawo da damina, ko bakin titi inda kwalta ta ƙare aka shiga tsakuwa da murfin kwata, kana bukatar akwatin ya ji maganarka. Can a sake shi ya juya, nan a kulle shi. Mariƙin da ba ya iya duka biyun rabin aiki aka yi masa.

Akwai kuma maƙiyin da masu ƙirar nan ba su cika lissafi da shi ba: ƙurar hunturu. Tana shiga gurbin faifan ta cike shi, ƙwallon ya daina zama. In ta haɗu da giris kuma sai ta zama abin goge ƙarfe, ta riƙa cin bushin a hankali. Don haka kada ku ɗura masa baƙin mai, balle man gyaɗa. A goge sandar da busasshen tsumma, a kaɗe wuyan da tsohon buroshin haƙori, in za a saka wani abu a fesa man silikon kaɗan, wanda ke bushewa bai kama ƙura ba. Kuma kafin a miƙa akwati ga masu lodi, a mayar da kan daidai a tura sandar ciki har ta kulle. Bututun da buhun masara ya danne ya lanƙwasa ko kaɗan ne, ba zai ƙara zamewa yadda ya kamata ba.

In za ku saya, ko a Kasuwar Sheikh Gumi ko a wani kanti a Ahmadu Bello Way, kada ku tsaya a launi da zif. Ku ce, "Alhaji, a ba ni in gwada." Ku zaro sandar har ƙarshe. Ku juya kan zuwa kowane wurin zama, kuma a kowanne ku danna maɓallin, don akwai waɗanda ke aiki a gicciye su ƙi a miƙe, alamar siririn ƙarfen bai zauna a tsakiya ba. Ku kulle shi ku murɗa, ku ga ko akwatin ne ya juya ko kan ne ya kuɓuce. Ku taka gindin akwatin ku ja kan sama a hankali. In kun ji yana ɗagawa yana komawa a wuyan, zoben nan ya riga ya yi sako-sako tun yana sabo. Daga nan ku zuge zif ɗin shafin ciki ku leƙa yadda aka kafa sandar a jikin akwatin.

Wannan leƙen shi zai gaya muku ko abin zai gyaru. In da sukuru aka ɗaure, mai gyaran jaka zai kwance ya sauya sifirin, ko ya ciro sanda daga mataccen akwati ya dasa. In ƙarfen tsakiyar ne ya karye, a kai shi Panteka da guntayen, masu injin sassaƙa ƙarfe za su auna su fitar da wani, sai dai a tuna musu da ramin tsakiya. Wanda aka narka robarsa aka haɗe ruf kuwa, ba a buɗe shi sai an fasa, kuma in an fasa sai a nemi sabon mariƙi gaba ɗaya.