Jawabin Maraba Ga Babban Baƙonmu, Masanin Ilimin Taurari

Assalamu alaikum. Mai girma Farfesa, malamai, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da war haka. Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya, mun gode ƙwarai da ka ajiye uzurinka ka amsa gayyatarmu.

Bari in ɗan share fage saboda ƙannenmu sabbin shiga. Shekara biliyan 13.8 da suka wuce, a farkon samuwar sararin samaniya, babu ƙarfe, babu oksijin, haidirojin ne kawai da hiliyam sai ɗan burbushin litiyam, kusan duk sauran a cikin taurari aka ƙera su, har ƙarfen da ke jininmu. To aikin Farfesa shi ne bin sawun yadda waɗannan sinadarai suka taru a manyan galaksi, wato manya-manyan tarin taurari, kuma tunda ba mai iya zama ya jira shekara biliyan, sai a gina sararin samaniyar a kwamfuta, a zuba iskar gas da dokokin fiziks a sake ta ta yi ta tafiya, irin yadda aka yi a kwaikwayon kwamfuta mai suna Illustris a 2014 da mai suna EAGLE a 2015.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina wallahi shi ne maganar magnisiyam da ƙarfe. Manyan taurari ba sa daɗewa, 'yan miliyoyin shekaru sun fashe sun watsa oksijin da magnisiyam, amma yawancin ƙarfe sai daga baya yake zuwa, daga fashewar fararen ƙananan taurari, wato ragowar taurarin da suka mutu, da kan ɗau ɗaruruwan miliyoyin shekaru ko fiye. Ka ga kenan in aka tarar da galaksi magnisiyam ya rinjayi ƙarfe fiye da yadda yake a Rana, ta gama haihuwar taurarinta da wuri, ƙarfen ya iso an riga an tashi. Haka ake gani a manyan galaksi masu siffar ƙwai, kuma EAGLE ta nuna baƙin ramin da ke tsakiyarsu, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga ƙarfin jansa, shi ne ke ɗumama gas ya kore shi har haihuwar ta tsaya.

Yanzu ga na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba a Disamba 2021 tana hango galaksi masu nisa yadda suke tun suna ƙanana, ɗalibanmu sun ƙosa su ji ko lissafin kwamfuta ya yi daidai da abin da take gani. Mu dai a ganina nan ne gwajin gaskiya yake.

Ranka ya daɗe, fili naka ne, bismillah.